Yadda ake fitar da awon buɗaɗɗen allo na lasifikar bes

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya na bene a Jidda ko Makka ya san irin ɗakunan da muke ciki: bango na siminti, daɓe na tayil, sama kankare, ba abin da ke shanye sauti sai labule da darduma da matasan jingina. Idan aka girke akwatin bes, wato lasifika mai fitar da sauti mai kauri, a kusurwar irin wannan ɗaki, abin da ke fitowa gunji ne mai cika kunne, wanda ke haɗiye muryar mai karatu ko mai waƙa, ya kuma bi ginshiƙan gini ya sauka har ɗakin maƙwabcin da ke ƙasa. Wannan damuwa ce ta kai ni ga lasifikar buɗaɗɗen allo, wato wadda ake ɗaura wufa, babbar lasifikar nan mai faifai da ke fitar da bes, a jikin faffaɗan katako kawai, gabanta a buɗe, bayanta a buɗe, babu akwatin da ya rufe ta.

Ranar da na kai wa wani dattijon kafinta na unguwarmu zanen farko, ya juya takardar gaba da baya, sannan ya ce, "Ɗana, ina sauran? Ai ba ka zana baya da murfi ba." Na ce, "Baba, iyakarsa ke nan." Ya yi jim, ya ɗauko tef ɗinsa, ya ce to in faɗa masa faɗin da nake so. Na ce santimita 34, domin abin da zai ishi wufar inci 12 ta zauna ke nan. Da na haɗa ta a gida na kunna, faifan wufar yana kai da komo kamar zai yage, amma kaurin sautin bai iso inda nake zaune ba. Wufar lafiyarta ƙalau, amfilifayar ma haka. Awon katakon ne bai yi ba, kuma tun daga ranar nake gaya wa duk mai son wannan aiki cewa kowane santimita da ya hana wa katako, faifan wufa ne zai biya shi da wahala.

Abin da ke faruwa a bakin allo

Idan faifan wufa ya tura iska gaba, a daidai wannan lokaci yana janye ta daga baya, sai a sami matsi a gaba da gurbi a baya. A lasifikar akwati an kulle iskar baya, ba ta da hanyar haɗuwa da ta gaba. A buɗaɗɗen allo kuwa iskar gaba tana zagaya bakin katako ta je ta cike gurbin baya, sai su kashe juna tun kafin sautin ya kai kunne. Abin da ke hana su kashe juna gaba ɗaya shi ne nisan wannan zagaye idan aka gwada shi da tsawon zangon sautin, wato nisan da sauti ke tafiya a kaɗawa ɗaya. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a iska mai ma'aunin zafi 20, yana ɗan ƙara sauri zuwa kusan 350 a ɗaki mai zafi, bambancin da bai kai ya ɓata lissafinmu ba. Idan aka raba wannan gudu da yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, wanda ake aunawa da haz, sai a sami tsawon zango: sauti mai haz 1,000 zangonsa santimita 34 ne kacal, mai haz 100 mita 3.4, mai haz 40 kuwa ya kai mita 8.6. Ga siririn sauti, allon rabin mita katanga ce babba. Ga bes mai zangon mita takwas da rabi, kusan babu shi.

To me ya sa za a sha wannan wahala? Domin kashe junan da ke cinye bes shi ne kuma ke gyara shi a cikin ɗaki. A gefen allo, dama da hagu da sama, sautin gaba da na baya suna isowa tare su shafe juna, saboda haka lasifikar gaba da baya kawai take jefa sauti, ba ta dukan bangayen gefe da rufi. Idan aka daidaita ƙarfinta da na akwati a wurin mai sauraro, jimillar sautin da take zubawa cikin ɗaki sulusin na akwati ne, wato ƙasa da shi da desibel 4.8 a ma'aunin ƙarfin sauti. Shi ya sa bugun ganga ke fita a bushe, a tsaye, ana jin fatar da hannun da ya buge ta. Dabarar ba sabuwa ba ce: kamfanin Wharfedale na Ingila ya sayar da irin wannan lasifika tun shekarun 1950, da yashi a tsakanin katakai biyu don hana su rawa. Lissafin da zan kawo a nan kuma na Siegfried Linkwitz ne, injiniya haifaffen Jamus wanda ya daɗe yana aiki a kamfanin Hewlett-Packard a Amurka, ya rasu a 2018.

Mataki na farko: auna ɗakin kafin ka sayi komai

Ɗauki tef ka auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ka kuma tsai da inda za ka riƙa zama. Buɗaɗɗen allo yana bukatar aƙalla mita 1 tsakaninsa da bangon da ke bayansa. Sautin baya yana dukan bangon ya dawo, kuma idan tazarar mita 1 ce, tafiya da dawowa mita 2 ke nan, kusan kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, jinkirin da ya isa kunne ya raba sautin asali da wanda ya dawo. Idan aka matsa allon jikin bango, wanda ya dawo yana cinye bes ɗin ya kuma dagula murya. Bangon gefe kuwa ba shi da wannan matsala sosai, ana iya kusantarsa zuwa rabin mita, tunda can ne lasifikar ta fi yin shiru.

Yi lissafin haka: mita 1 a bayan allo, mita 2.5 zuwa 3 daga allo zuwa kunne, sannan ɗan fili a bayan mai zama idan ya samu. Ɗakin da tsawonsa ya kai mita 5 ya wadatar, mai mita 4 kuma ana iya lallaɓawa. Wanda bai kai haka ba, ko wanda ba za a iya ba lasifika wannan mita ɗaya a cikinsa ba saboda kaya ko zirga-zirgar yara, shawarata ita ce a haƙura a yi ƙaramin rufaffen akwati, daidai ruwa daidai tsaki. Ka kuma auna faɗin da iyalin gida za su yarda a tsayar a falo, domin allo biyu masu faɗin mita ɗai-ɗai sun kusa zama bango na biyu a majalisa.

Akwai wani awo da ake yawan mantawa, wato tsayin kunne. Zane-zanen da ake samu a intanet an yi su ne don mai zama a kujera, wanda kunnensa ke wajen santimita 95 zuwa 100 daga ƙasa. Mu kuwa da yawanmu a ƙasa muke zama, kan katifun majalisa, kunne a wajen santimita 65 zuwa 75. Zauna yadda ka saba, wani ya auna maka, ka rubuta, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: yanke shawarar iyakar zurfin da kake nema

Nan ne kwaɗayi ke jefa mutane cikin asara. Muryar namiji baligi tana farawa ne daga wajen haz 85 zuwa sama. Tsirkiyar ƙasa ta molon ud na Larabawa, a ɗaurin da aka fi sani, tana wajen haz 65. Tsirkiyar ƙasa ta gitar bes mai tsirkiya huɗu haz 41 ce. Wanda karatu da wa'azi da kiɗan gargajiya ne abin saurarensa, haz 50 ta ishe shi, wanda kuma yake son kiɗan zamani ya nemi haz 40. Ƙasa da haz 35 aikin girgiza ƙirji ne irin na fina-finai, kuma buɗaɗɗen allo ba gwaninsa ba ne.

Dalili kuwa lissafi ne mai tsauri. A rufaffen akwati, idan kaɗawa ta ragu da rabi, sai faifai ya ninka tafiyarsa sau 4 kafin ya ba da ƙarfin sauti iri ɗaya. A buɗaɗɗen allo sau 8 ne. Faifan da ke tafiyar milimita 1 a haz 80 zai bukaci milimita 8 a haz 40, da milimita 64 a haz 20, tafiyar da babu wufar gida da za ta yi ta.

Mataki na uku: lissafa tsawon zagaye

Wannan shi ne zuciyar aikin, saboda haka a bi shi a hankali. Tsawon zagaye, wanda ake rubutawa da harafin D, shi ne ƙarin tafiyar da sautin baya ke yi fiye da na gaba kafin ya iso kunne. A shimfiɗaɗɗen allo, D shi ne tazarar tsakiyar wufa zuwa bakin katako, wato rabin faɗin allo, ba dukan faɗinsa ba. Mutane da yawa a nan suke kuskure. Allona na farko mai faɗin santimita 34, zagayensa ta gefe santimita 17 ne kawai.

Daga D ake fitar da lambobi biyu. Ta farko: raba 5,800 da D a santimita. Abin da ya fito shi ne kaɗawar da allon ke ba da ƙarfi daidai da wufa iri ɗaya a rufaffen akwati, kuma daga nan zuwa ƙasa yana asarar desibel 6 duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi. Ta biyu: ninka ta farkon sau uku. Nan ne sautin baya ke isowa daidai lokacin da zai ƙara wa na gaba ƙarfi, sai a sami tudu, kuma a ninkin wannan tudu akwai rami inda suke sake kashe juna.

A gwada da lambobi. Idan D santimita 17 ne, lambar farko haz 340 ce, kuma kafin a sauko haz 42 an raba ta biyu sau uku, asarar desibel 18 ke nan, abin da ya same ni. Idan D 30 ne, lambar farko 193 ce, asara a haz 40 ta kusa desibel 14. Idan D 50 ne, lambar farko 116, tudu a wajen 345, asara a haz 40 desibel 9. Idan D 60 ne, lambar farko 97, tudu a wajen 290, asara kusan desibel 8. Ana ganin yadda ribar ke raguwa: sai an ninka D biyu ake samun desibel 6, saboda haka daga 25 zuwa 50 araha ne, daga 50 zuwa 100 kuwa sai an cika ɗaki da katako. A ganina D tsakanin santimita 45 da 60 shi ne inda hankali ya tsaya ga ɗakin zama na haya.

Daɓen ƙasa yana taimakawa kyauta. Idan allon ya zauna daram a ƙasa babu rata, hanyar zagaye ta ƙasa ta toshe, tayil kuma yana mayar da sauti kamar madubi, ya ƙara har kusan desibel 6 a bes. Don haka wufa a ƙasa-ƙasa ake ɗaura ta, bakinta santimita 5 zuwa 8 daga daɓe, kuma ba a ɗora allon kan dogayen ƙafafu masu barin iska ta bi ta ƙarƙashi. Tsayin allo ma yana ƙara wa matsakaicin D, tunda hanyar sama ta fi ta gefe nisa, amma gajeriyar hanya ce ke da rinjaye, kada a yi tsammanin dogon siririn katako zai maye gurbin faɗi.

Mataki na huɗu: naɗe faɗin ya koma baya

Tunda D na santimita 50 yana nufin shimfiɗaɗɗen allo mai faɗin mita 1, dabarar ita ce a naɗe gefunan su koma baya su zama fukafukai. Ɗauki allo mai faɗin 45 da fukafukai masu zurfin 20 a kowane gefe. Sautin baya zai tashi daga tsakiyar faifai ya bi karkatacciyar hanya zuwa bakin fiffike, kusan santimita 30, sannan ya dawo gaba santimita 20 kafin ya zo daidai fuskar allo. Jimilla 50. An sami aikin allon mita guda a faɗin da bai kai rabinsa ba.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Fukafukai suna yin kogo a bayan wufa, kogo kuma yana da ƙuginsa, irin wanda ake ji idan aka busa bakin kwalba, ko aka yi magana cikin randa. Ƙugin yana tasowa ne inda zurfin kogon ya yi daidai da rubu'in tsawon zango, kuma iskar da ke bakin kogon tana ƙara masa tsawo, kusan santimita 14 ga baki mai 41 da 41. Kogo mai zurfin 20 yana aiki kamar mai 34, a ninka sau huɗu a raba 34,300 da shi, ƙugi a wajen haz 250. Idan aka yi zarin zurfi aka kai 40, ya zama kamar 54, ƙugin ya sauko wajen haz 160, daidai inda kaurin muryar namiji yake, sai mai karatu ya zama kamar daga cikin rijiya yake magana. Ƙa'idar da nake bi ita ce a yanke aikin wufa a rabin kaɗawar ƙugin ko kusa da haka: ƙugi a 250, a miƙa wa lasifikar tsakiya, ƙaramar da ke fitar da murya da sautin da ya fi bes siranta, aiki daga 120 zuwa 150. Shi ya sa ba na wuce zurfin santimita 18 zuwa 22.

Siffofin da aka saba da su ana kiransu da haruffan da suka yi kama da su idan an leƙo daga sama. Siffar U ita ce fukafukai a baya kawai. Idan aka bar samanta a buɗe, ko aka yanke fukafukan a karkace, masu faɗi a ƙasa suna tsukewa zuwa sama, ƙugin yana laushi sosai, kuma wannan ce nake ba mai farawa shawara. Siffar H kuwa wufa ce a tsakiyar gajeren bututu mai kusurwa huɗu, kogo a gaba, kogo a baya. Tsawonta gaba ɗaya shi ne kusan D, wato H mai santimita 40 tana da kogo biyu na 20-20. Ta fi U cin wuri, amma gabanta da bayanta daidai suke, shirun gefe yana cika, kuma nauyin iskar da ke cikin kogunan yana ɗan saukar da kaɗawar asali ta wufa. Ga bes kaɗai take dacewa, a ajiye ta a ƙasa a ɗora ƙaramin allon tsakiya a kanta. Akwai kuma siffar W, mai wufa biyu da aka naɗe cikin ƙaramin wuri, amma yankanta yana da wuya, a bar ta sai hannu ya faɗa.

Mataki na biyar: nemo wufar da ta dace da allon

Sai yanzu ake zuwa kasuwa. Lambobi huɗu za ka duba a takardar bayanin wufa. Fs ita ce kaɗawarta ta asali, kuma ya kamata ta kasance daidai ko ƙasa da zurfin da ka zaɓa, domin ƙasa da Fs sauti yana faɗuwa da sauri ƙwarai. Sd faɗin fuskar faifai ne: inci 12 kusan murabba'in santimita 530, inci 15 kusan 850, inci 18 kusan 1,200. Xmax ita ce iyakar tafiyar faifai kafin sauti ya gurɓace. Idan aka ninka Sd da Xmax, an sami yawan iskar da wufar ke iya turawa, kuma wannan ne arzikin buɗaɗɗen allo. Faffaɗan faifai mai gajeriyar tafiya ya fi ƙarami mai doguwar tafiya, tunda baya a buɗe yake, duk hucin iska da ƙarar motsi ana jin su.

Ta huɗu ita ce Qts, wadda ke nuna yadda maganaɗisu ke riƙe faifai a wajen Fs. Wufa mai Qts 0.3, irin ta manyan akwatunan biki mai ƙaton maganaɗisu, tana fara rage bes tun nesa da Fs, sai asararta ta haɗu da ta allo. Mai Qts daga 0.7 zuwa 1.3 kuwa tana riƙe ƙarfinta har kusa da Fs, ta sama ma tana yin ɗan tudu da ke cike wani ɓangare na asarar. Wannan ne ya sa Eminence Alpha 15A ta yi suna a wannan aiki, bayan injiniya Martin King na Amurka ya haɗa ta da ƙaramar lasifikar Fostex a shimfiɗaɗɗen allo: Fs 41, Qts 1.26, Sd 856, Xmax milimita 3.8. Iskar da take turawa kusan sulusin lita ce. A lissafi, a haz 40 za ta ba da kusan desibel 97 a nisan mita 1 cikin rufaffen akwati a fili. Cire 9 na allo mai D 50, saura 88, ƙara na daɓe, ya kusa 94. Guda biyu, dama da hagu, a nisan mita 3, sun kusa 90 a wurin zama. Wannan ya ishi falon iyali, amma ba zai yi taron biki a istiraha, gidan shaƙatawa da ake haya don taro, ba. Mai son ƙari ya sa wufa biyu a kowane allo, ya sami desibel 6, ya tuna cewa biyu masu om 8 (ma'aunin tirjiyarsu ga wutar lantarki) idan an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun zama om 4, ya tabbatar amfilifayarsa na ɗauka.

Wanda zai nemi ta hannu a kasuwar gwanjo irin Harajin Sawarik da ke kudancin Jidda, ba lalle ya sami takarda ba. Ya buɗe yatsunsa kewaye da tsakiyar faifai ya danna a hankali, idan ya ji gogayya koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifai, ya lalace. Ya fifita mai bakin ƙyalle a kan mai bakin soso, domin zafi da laimar Jidda suna ruɓar da soso. Matsakaicin maganaɗisu alama ce ta Qts mai ɗan yawa. Fs kuma ana iya gano ta a gida: a sa rizista a jere da wufar, a riƙa sauya kaɗawa da manhajar waya mai fitar da sauti, a duba inda mitar awon wuta ta nuna lamba mafi girma a bakin wayoyin wufar. Wufofin mota masu nauyin faifai ba na son su a nan, suna cin wuta da yawa kafin su yi magana.

Hanyar cike asarar allo iri biyu ce. Da wufa mai Qts babba, babban koyil na daban da aka sa a jere da wufar ya wadatar: mai awon milihenri 10 a kan om 8 yana fara rage sauti daga wajen haz 130 zuwa sama, da desibel 6 a kowane ninki, sai ya kwantar da hawan da allo ke yi. Sharaɗin shi ne wufar ta fi lasifikar tsakiya ƙarfin amsawa da desibel da dama, tunda daga samanta ake yankewa. Da wufa mai Qts ƙarami kuwa sai an sa na'urar sarrafa sauti irin miniDSP da amfilifaya ta daban. A nan a kula: ɗaga bes da desibel 9 yana nufin ninka wuta sau 8, kuma tun da wat kaɗan faifai ke kai iyakarsa, tunda babu iskar akwati da za ta tare shi. Wajibi ne a sa matata mai yanke duk abin da ke ƙasa da haz 30.

Mataki na shida: tsayi, kauri da yanka

Dawo da awon kunnen da ka rubuta. Lasifikar tsakiya ko mai siririn sauti a daidai kunne take zama. Wufar inci 15 faɗinta da baki kusan santimita 39 ne, raminta kusan 35, saboda haka idan ta fara daga 6 za ta ƙare a 45. Ga mai kujera, akwai wurin wufa ta biyu a kanta, har zuwa 86, allon ya kai tsayin 115 zuwa 120. Ga mai zaman ƙasa da kunne a 70, wufa ɗaya ce ke shiga, tsayin 90 zuwa 95 ya isa, ta biyun idan ana so sai a yi mata H tata a gefe. Lasifikar tsakiya kuma a goce da ita daga tsakiyar allo da santimita 4 zuwa 6, domin tazararta zuwa bakunan katako ta bambanta, tudu da rami su baje. Wufa ba ta bukatar wannan, tunda an yanke ta tun ƙasa da tudun.

Katakon abalakash, mai falle-falle da aka manne, da MDF, na garin katako da aka matse, suna zuwa da awon 122 da 244, kuma mai kaurin milimita 18 ake nema. Allon gaba a ninka shi biyu da gam ya zama 36, domin bayan an huda ramin 35 a faɗin 45, santimita 5 kawai ya rage a kowane gefe, kuma nan ne yake rawa. Daga falle ɗaya ana fitar da guda huɗu na 45 da 110, sannan daga doguwar ragowar a fitar da fukafukai huɗu na 20 da 60. Gindi sai an ƙaro katako: 45 da 45, mafi yawansa a baya, domin nauyin maganaɗisu baya yake ja, kuma allon da yaro zai iya turewa haɗari ne a gida. A shimfiɗa siririyar roba a ƙarƙashin gindin, ta toshe rata ta kuma rage girgizar da ke shiga daɓe ta sauka wa maƙwabci. Na fi son abalakash, domin MDF idan ya sha laima ta bakin yanka yana kumbura, sukurori kuma ba sa kama shi da kyau ta gefe.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka sa gam a fukafukai

Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka ɗaure fukafukan da sukurori kawai tukuna. Taɓa wayoyin kowace wufa da batir mai bolt 1.5 ka tabbatar dukansu gaba suke motsawa idan jar waya na kan bakin tarawa. Tsayar da allunan a mita 1 daga bango, ka sa sautin haz 60 a hankali, ka zagaya: a gaba za ka ji shi, a daidai gefe ya kusa ɓacewa, a baya ya dawo. Idan bai ɓace a gefe ba, ko dai fukafukan sun yi zurfi, ko wani abu a ɗakin yana rawa. Idan kuma kana jin ƙugi ko ba a kunna komai ba, wannan na wutar lantarki ne, wadda a Saudiyya haz 60 ce, a nemi gyaransa a wayoyi da amfilifaya.

Daga nan sauko daga haz 200 zuwa 35 sannu a hankali, ido a kan faifai, hannu a kan katako. Inda ka ji katako na kaɗawa a tafin hannunka, nan ke son ƙarin sanda a baya. Inda faifai ya fara fita hayyacinsa, nan ne iyakar ƙarar da za ka riƙa kaiwa. Sannan sa karatun wani mai kaurin murya da ka sani sosai, ka saurara da fukafukai, ka kwance su ka sake saurara, ka liƙa kwali mai kauri ka ƙara musu santimita 5 ka sake. Mai kwamfuta ya sauke manhajar REW, kyauta ce, da makirfon awo irin UMIK-1 zai ga tudu da rami da idonsa, manhajar Edge kuma tana nuna tasirin siffar allo tun kafin a yanka. Matsar da allunan gaba ko baya da taku ɗaya ma yana sauya bes fiye da yadda ake zato, a sa alama da tef a kan tayil inda ya fi daɗi.

Nawa na yanzu sun tsaya a faɗin 45, tsayin 95, fukafukai masu zurfin 22 a ƙasa suna tsukewa zuwa 8 a tsayin 60, wufa ɗaya ta inci 15 a kowanne, mita 1.1 daga bango. Bayan awon ya tabbata ne na mayar da su wurin Baba kafinta ya sa gam, ya goge bakuna, ya shafe su da fenti shafi biyu har cikin ramin wufa, sannan muka ja siririn baƙin ƙyalle mai barin iska ta wuce a bayan fukafukan, saboda ƙura da yatsun yara.